Me ya sa masoyan Star Wars ke ƙaunar George Lucas kuma suke jin haushinsa?

Ɗan'uwa mai tambaya, ka ce wani abu ya ɗaure maka kai game da masoyan finafinan Star Wars: mutum ɗaya zai yi ta yabon George Lucas, wanda ya ƙirƙiro su, da safe a matsayin wanda ya sauya sana'ar fim a duniya, kafin yamma kuma ka ji shi yana zargin mutumin da rushe abin da ya gina da hannunsa. Shi ne kake son sanin ko butulci ne kawai irin na 'yan kallo, ko kuwa akwai laifi na gaske a ƙasa. Na daɗe ina koyar da aikin tace fim da tarihin sinima, kuma wannan rigima tana cikin misalan da nake yawan kawo wa ɗalibai, domin ban san wata da ta fi ta fito da tambayar nan fili ba, wato wane ne mai fim bayan ya fita kasuwa ya zauna a zukatan mutane. Ra'ayina shi ne, ƙorafi biyu ne mabambanta aka cakuɗa wuri guda. A ɗaya masoya ne da gaskiya, a ɗayan kuma Lucas ne da gaskiya, kuma cakuɗa su da ake yi shi ne ya hana maganar mutuwa har yau.

Sai an san girman ƙaunar kafin a fahimci zafin fushin. Fim na farko ya fito ranar 25 ga Mayun 1977, a gidajen sinima 32 kacal a duk faɗin Amurka, domin kamfanin 20th Century Fox da ya zuba kuɗin, kimanin dala miliyan 11, bai sa ran zai yi wata kasuwa ba. Lucas yana da shekara 33 a lokacin. Kafin a ankara fim ɗin ya zarce duk wanda ya gabace shi wajen kawo kuɗi, kuma tunda a wancan zamani yawancin gidaje ba su da na'urar bidiyo, duk mai son sake gani dole ya koma layi ya sake yankar tikiti, abin da yara da matasa suka yi ta yi har suka haddace maganganun da ke ciki. Abin da ya kama su ba boyayye ba ne. Jiragen sararin samaniyar da aka nuna tsofaffi ne masu datti da faci, kamar motocin haya da suka sha hanya, saharar da aka ɗauka a Tunisiya ta gaske ce, kiɗan John Williams kuma yana ɗaga zuciya tun kafin a ce uffan. Ƙashin bayan labarin kuwa, duk wanda ya tashi da tatsuniya a bakin kaka zai gane shi: maraya da ke aikin gona a hannun dangin da suka riƙe shi, tsoho mai sani da ya ba shi makamin mahaifinsa, 'yar sarki da ke tsare, da azzalumi mai ƙarfin da ya fi ƙarfin kowa. Lucas bai taɓa ɓoye cewa ya ɗebo daga finafinan Akira Kurosawa na Japan da nazarin Joseph Campbell kan tatsuniyoyin al'ummai ba. Kashi na biyu ya biyo baya a 1980, na uku a 1983, sannan aka yi shiru na shekara 16.

Akwai wani abu da masu sharhi kan tsallake, alhali a ganina shi ne tushen rigimar duka. Lokacin da Lucas ke ƙulla yarjejeniya da Fox, ya riƙe wa kansa haƙƙin yin ci gaban labarin, ya kuma dage kan haƙƙin sayar da kayayyaki masu ɗauke da sunan fim ɗin, abin da kamfanoni ba su ɗauka da muhimmanci ba a wancan lokaci. Buƙatar ta yi yawa har kamfanin Kenner da aka ba aikin ƙera 'yan tsanar jaruman ya kasa fitar da su kafin Kirsimetin 1977, sai ya riƙa sayar da kwali wanda babu 'yar tsana ko ɗaya a cikinsa, sai takardar alkawarin cewa za a aiko da su bayan 'yan watanni, kuma iyaye suka saya. Ka yi tunanin yaron da waɗannan 'yan tsana suka iso hannunsa. Fim ɗin awa biyu ne, amma shi zai shafe shekaru a tsakar ɗaki yana ƙirƙiro wa jaruman fim ɗin, wato Luke maraya da Han da Leia 'yar sarki, sababbin yaƙoƙi da tafiye-tafiye waɗanda ba su cikin kowane fim. Da kuɗin waɗannan kayayyaki Lucas ya samu 'yancin da ya raba shi da kamfanonin Hollywood, kuma da su ɗin dai ya koya wa miliyoyin yara cewa wannan duniya tasu ce, su shiga su yi yadda suke so. Daga baya ma ya ƙyale masoya suna shirya ƙananan finafinansu, kamfaninsa ya riƙa ba su lambar yabo tun daga 2002, ya kuma sanya sunan ƙungiyar masoya ta 501st Legion, wadda aka kafa a 1997, cikin labarin kansa. Saboda haka idan masoyi ya ce yana da haƙƙi a kan Star Wars, ba daga sama ya tsinci wannan tunani ba. Doka ba ta ba shi komai ba, amma an shekara da shekaru ana sayar masa da jin cewa shi ma mai gida ne.

Ƙorafi na farko ya samo asali ne a 1997, lokacin da aka cika shekara 20 da fitowar fim na farko, Lucas ya sake sakin finafinan uku a sinima bayan an wanke hotonsu an gyara sautinsu, amma kuma ya yi musu ƙare-ƙare da kwamfuta. An cusa dabbobi da na'urori a titunan garin Mos Eisley, an dawo da wata fitowa ta Jabba, uban 'yan daba a labarin, da aka yanke tun 1977, an sauya waƙar da ake rerawa a fadarsa a kashi na uku. Yawancin waɗannan ado ne, wani ya so wani ya ƙi. Wanda ya tayar da ƙura shi ne gyaran da bai wuce daƙiƙa biyu ba, kuma ina so ka dube shi da kyau, domin a nan ne za ka gane cewa masoyan ba hayaniyar banza suke yi ba.

Han Solo, wanda Harrison Ford ya fito a matsayinsa, ɗan fasa-ƙwauri ne da Jabba ke bi bashi. Yana shirin fita daga mashaya sai Greedo, mai farautar mutane don lada, ya tare shi da bindiga ya mayar da shi kan kujera. A yadda aka tace fim ɗin a 1977, Han ya jingina da bango yana ta jan Greedo da magana cikin kwanciyar hankali, hannunsa na hagu yana wasa da bangon a inda Greedo ke gani, na dama kuwa a ƙarƙashin tebur yana kwance maɗaurin bindigarsa a hankali. Greedo ya nuna masa cewa kwanansa ya ƙare, sai kawai aka ga walƙiya da hayaƙi, Greedo ya kife a kan tebur ba tare da ya harba ko sau ɗaya ba, Han ya miƙe ya jefa wa mai mashaya kuɗi yana ba shi haƙuri kan ɓata masa wuri, ya fice. A gyaran 1997 kuwa, Greedo ne ya fara harbi, ya kuskure mutumin da ke zaune gabansa da tazarar da ba ta wuce tsawon tebur ba, aka kuma karkatar da kan Han da kwamfuta don a nuna ya kauce, sannan ya rama.

Duk shekarar da na nuna wa ɗalibai waɗannan biyun a jere, ba na gaya musu komai, sai in tambaye su wane irin mutum ne wannan. Bayan na farko sukan ce mutum ne mai hatsari wanda ba ya jira a cuce shi, ba a kuma san inda ya dosa ba. Bayan na biyu sukan ce mutumin kirki ne da ya kare kansa. To, a ƙarshen fim ɗin wannan Han ɗin ne ya karɓi ladansa ya tafi ya bar abokan tafiyarsa a bakin mutuwa, sannan ya juyo ba zato ya ceci Luke. Daɗin wannan dawowa ya dogara ne kacokan a kan cewa ɗan kallo bai amince da shi ba tun farko. Idan aka wanke shi tun a mashaya, an rage wa ƙarshen nauyi. Lucas ya bayyana cewa ba ya son yara su ɗauki jarumin da zai zama masoyin Leia a matsayin mai kisa ba tausayi, kuma wannan damuwa ce ta uba wadda nake girmamawa, amma a ma'aunin sana'a gyaran ya raunana labarin. Abin da ya ƙara tabbatar wa mutane cewa shi kansa bai natsu da shi ba shi ne yadda ya riƙa komawa kan wurin: a faifan DVD na 2004 an matso da harbin biyu kusa da juna, a 2011 an sake datse shi, a kwafin da ya bayyana a dandalin kallon finafinai na Disney+ a 2019 kuma aka ji Greedo ya furta wata kalma da ba a taɓa jin ta ba kafin ya harba.

Duk da haka, ba gyaran ne laifin da nake kama Lucas da shi ba. Mai aiki yana da ikon komawa kan aikinsa, marubuta suna sake fitar da littattafansu da gyara, kuma Lucas ya sha faɗin cewa abin da aka gani a 1977 bai kai abin da ke kansa ba, ƙarancin kuɗi da lokaci da kayan aiki ne suka tilasta masa sakin sa haka. Laifin shi ne hana mutane na asalin. Steven Spielberg, abokinsa na kusa, ya yi irin wannan gyara a fim ɗinsa na E.T. a 2002, inda ya mayar da bindigogin jami'an tsaro na'urorin oba-oba, amma bai ɓoye na farkon ba, daga baya ma ya fito ya ce ya yi nadama. Ridley Scott ya saki Blade Runner a 2007 cikin akwati ɗaya mai ɗauke da siga biyar na fim ɗin, kowa ya zaɓi wadda yake so. Lucas kuwa ya tsaya kan cewa sigar da ya gyara ita ce kaɗai fim ɗin, ta farko kuma aiki ne da ba a kammala ba. Da matsin lamba ya yi yawa, a 2006 an saka finafinan asali a matsayin ƙarin faifai a cikin wata fitowar DVD, amma daga wani tsohon kwafi na 1993 aka ɗauko su, ba a wanke ba, ba a daidaita su da talabijin na zamani ba, har masoya da yawa suka ɗauki abin a matsayin cin fuska maimakon kyauta.

Dalilin da ya sa na ɗauki wannan da nauyi shi ne, fim ba aikin mutum ɗaya ba ne. Fim ɗin 1977 ya ci lambobin Oscar guda shida a gasa, ciki har da ta tacewa, wadda aka ba Paul Hirsch da Richard Chew da Marcia Lucas, matarsa a lokacin, da kuma ta siddabarun hoto, wadda ma'aikatan da suka ƙera ƙananan jirage da hannu suka ɗauke su da kyamara suka samu. Idan aka shafe wani sashe na wannan aiki aka maye gurbinsa da zanen kwamfuta, ɗalibin da ke son ganin abin da aka ba wa lambar ba zai same shi a kasuwa ba. Kashi na biyu Irvin Kershner ne ya ba da umarninsa, na uku kuma Richard Marquand, wanda ya rasu a 1987, shekara goma kafin a taɓa fim ɗinsa. Sebastian Shaw, dattijon da ya fito a matsayin ruhin Anakin, mahaifin Luke, a ƙarshen kashi na uku, ya rasu a 1994, sai ga shi a 2004 an cire shi daga wannan fitowa an sa Hayden Christensen, matashin da ya fito a matsayin Anakin a sababbin finafinan. Waɗannan mutane ba su da bakin cewa a'a. Ga shi kuma tun 1989 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sanya fim ɗin 1977 cikin finafinai 25 na farko da aka ware a matsayin kayan tarihin ƙasa da ya wajaba a adana.

Masoya suna yawan tuna wa Lucas da bakinsa. A 1988 ya tsaya gaban Majalisar Dokokin Amurka yana adawa da masu saka wa tsofaffin finafinai marasa launi launi, inda ya siffanta masu sauya ayyukan fasaha don riba ko nuna iko da cewa marasa wayewa ne, ya kuma yi gargaɗin cewa wata rana za a iya sauya tsohon fim har na asalin ya ɓace. Adalci ya sa in faɗa maka cewa a nasa ganin bai saɓa wa kansa ba, domin abin da yake karewa a ranar shi ne haƙƙin mai fasaha a kan kamfanin da ya sayi aikinsa, shi kuwa a Star Wars shi ne mai fasahar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma Lucas yana da tabo a wannan wuri: kamfanin Warner ya datse masa mintoci daga fim ɗinsa na farko na 1971, Universal ma ya yi masa haka a na biyu na 1973, abin da bai taɓa mantawa ba. Duk rayuwarsa ta sana'a ya gina ta ne a kan kada wani ya sake gaya masa yadda zai yi da fim ɗinsa, har kashi na biyu na Star Wars da kuɗinsa da bashin banki ya yi shi. Da masoya suka taso da murya ɗaya suna cewa ya mayar da abu yadda yake, abin da kunnensa ya ji shi ne wani sabon kamfani ya zo karɓe masa almakashi. Na fahimci wannan sarai, amma hujjarsa ta 1988 tana da rabi na biyu, wato cewa jama'a suna da haƙƙi a kan tarihinsu, kuma wannan rabin ne ya ajiye gefe.

Martanin masoya a nan shi ne abin da ya fi burge ni a duk labarin. Wani malamin koyar da Ingilishi ɗan Jamhuriyar Cek ya zauna da kwamfutarsa yana harhaɗa hotuna daga faifai daban-daban, hoto bayan hoto, har ya fitar da kwafi mai kama da na asali a 2011. Wasu kuma suka nemo tsofaffin zaren fim masu faɗin milimita 35 da aka taɓa haskawa a sinima, suka ɗauke su da na'ura suka share ƙura da ƙarce, ba don su sayar ba. Wanda ke ƙin abu ba ya ba shi shekarun rayuwarsa kyauta. Wannan fushin masoyi ne da ya ga za a raba shi da abin da ya sani.

Ƙorafi na biyu daban ne, kuma a nan na rabu da masoya. Ranar 19 ga Mayun 1999 aka saki The Phantom Menace, farkon sabon jeri na uku da ke ba da labarin yadda Anakin ya zama Darth Vader, azzalumin finafinan farko, kuma shi ne fim na farko da Lucas ya ba da umarni da kansa cikin shekara 22. Ɗokin ya kai mutane suna kwana a layi makonni, wasu ma tun a 1998 suna yankar tikitin wani fim don kawai su ga tallarsa su fita. Abin da suka tarar shi ne labarin da ya buɗe da rikicin harajin kasuwanci da zaman majalisa, da yaro ƙarami a matsayin jarumi, da wani halitta mai barkwanci da ake kira Jar Jar Binks, da kuma bayanin cewa ƙarfin nan na ɓoye da Yoda, tsohon malamin Luke, ya siffanta a 1980 a matsayin abin da ke kewaye da duk mai rai, ashe ana iya auna shi a cikin jini. Wasu daga cikin sukan suna da tushe. Maganganun da aka rubuta wa 'yan wasa sun yi tauri, musamman na soyayya a kashi na biyu na sabon jerin da ya fito a 2002, yawan ɗaukar 'yan wasa a gaban shuɗin kyalle ya sa wasansu ya yi sanyi, kuma ana jin rashin mutanen da a da suke iya ce wa Lucas wannan bai yi ba, irin su furodusa Gary Kurtz da suka rabu bayan 1980, da Marcia da aurensu ya mutu a 1983. Wasu masu sharhi sun kuma ga kamannin tsofaffin zane-zanen raina baƙar fata da wasu al'ummai a cikin Jar Jar da wasu halittun, zargin da Lucas ya musanta.

Amma fim mai rauni ba cin amana ba ne. Wanda ya ga na farko yana ɗan shekara 10 ya shiga sinima a 1999 yana da shekara 32, yana neman a dawo masa da abin da ya ji a wancan dare, kuma babu daraktan da zai iya wannan, domin abin da ya ɓace ba a cikin fim yake ba. Lucas ya sha nanata cewa don 'yan shekara 12 yake yin waɗannan finafinai, kuma yaran 1999 sun karɓe su hannu bibbiyu, fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 900 a fitowarsa ta farko. Ya kuma yi abin da mai neman yabo kawai ba zai yi ba: maimakon ya maimaita abin da ya san ana so, ya ba da labarin yadda jamhuriya ke miƙa wuyanta ga mai mulkin kama-karya da hannunta saboda tsoro, ya ɗauki kashin 2002 gaba ɗaya da kyamarar dijital a lokacin da manyan daraktoci ke gudun ta.

Inda abin ya munana shi ne lokacin ya zo daidai da yaɗuwar intanet, inda ƙorafin da a da zai ƙare a hirar abokai ya samu dandali da dubban masu amshi. Wani ya sake tace fim ɗin ya cire kusan minti 18, yawanci na Jar Jar, kwafin ya zagaya hannu da hannu. A 2010 aka yi fim na musamman mai suna The People vs. George Lucas a kan wannan ƙauna mai haɗe da fushi. Duk wannan ana iya kiransa muhawara. Amma Jake Lloyd, yaron da ya fito a matsayin Anakin, ya ce ya sha tsangwama a makaranta har ya bar wasan fim, Ahmed Best kuma, wanda ya yi Jar Jar, ya bayyana a 2018 cewa zagin da ya sha ya kai shi gab da kashe kansa. Waɗannan ma'aikata ne da suka yi abin da aka umarce su, ɗayansu ma yaro ne, kuma babu son fim da zai wanke wanda ya yi musu haka. Shi kansa Lucas, a wata hira da jaridar New York Times a farkon 2012, ya tambaya don me zai ƙara yin wani fim alhali kullum ana yi masa ihu ana cewa shi mugun mutum ne. A watan Oktoban wannan shekara ya sayar da kamfaninsa Lucasfilm ga Disney a kan dala biliyan 4.05.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fallasa yanayin dangantakar. Da yawa sun yi murnar cewa an ƙwato labarin daga hannunsa. Disney ta ajiye tsarin labarin da ya bar mata, kamar yadda shugabanta Bob Iger ya tabbatar a littafinsa na 2019, inda ya ce Lucas ya ji kamar an ci amanarsa. Sabon Star Wars da Disney ta fitar a 2015 ya yi kasuwa ƙwarai, amma aka soke shi da cewa maimaicin na 1977 ne, wato ya ba masoya abin da suka ce suna so, suka ga bai ishe su ba. Na 2017 ya kauce wa abin da aka saba, aka ce ya wulaƙanta Luke, kuma abin da ya ci Doma bai bar Awe ba, domin 'yar wasa Kelly Marie Tran, wadda ta fito a fim ɗin, ta goge hotunanta na Instagram a 2018 saboda cin zarafi. A daidai wannan lokaci yaran 1999 suka girma suka samu bakin magana, suka fito suna kare finafinan ƙuruciyarsu, sai ga mutanen da suka yi shekaru suna cewa a karɓe wa Lucas alƙalami suna roƙon ya dawo, suna cewa ko ba komai shi yana da abin da yake son faɗa. Hayden Christensen, wanda aka yi wa dariya shekaru, ya dawo a 2022 aka tarbe shi da tafi, Ahmed Best ya fito a matsayin jarumin Jedi, wato mayaƙan kirki na labarin, a 2023, Lucas kuma ya karɓi lambar girmamawa ta bikin finafinai na Cannes a Faransa a 2024. Finafinan 1999 zuwa 2005 ba su yi wani babban sauyi ba a tsakanin zagin da yabon, masu kallon ne suka sauya, kuma wannan ya ishe ni hujja cewa ƙorafi na biyu bai taɓa zama laifin da za a kama mutum da shi ba.

Na farkon kuwa yana nan daram, domin sayar da kamfanin bai warware shi ba, sigar da aka gyara ce dai ake samu a Disney+. Idan kana son ka yi wa kanka hukunci, ka nemi fitowar mashayar nan ta 1977 da ta 1997 ka kalle su a jere kafin ka karanta ra'ayin kowa, ka lura da hannun Han na dama da kuma inda aka yanke hoton. A watan Yunin 2025 Cibiyar Finafinai ta Birtaniya ta haska wani kwafin asali na 1977 da ke ajiye a rumbunta a wani biki a Landan, da izinin Lucasfilm, kuma shugabar kamfanin a lokacin, Kathleen Kennedy, ta halarta da kanta ta gabatar da shi. Waɗanda suka samu kujera a wannan rana sun ga Han ya harba shi kaɗai, Greedo ya kife a kan tebur.